Takwara a Kan Teku: Yadda Jiragen Yaƙi Ke Gadon Suna

Ranar suna a ƙauyukan Kano da Jigawa, tun da asuba ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, rago na ɗaure a turke, goro da dabino a faranti. Liman ya sunkuyo, uban jariri ya raɗa masa a kunne. In aka ji ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Haruna, sai dattawa su gyaɗa kai, don sun gane an mayar da sunan kakan da aka binne bara. Daga ranar babu mai kama sunan nan a cikin gida. Uwa ta ce Abba, baffanni su ce Mai Sunan Malam. Yaron bai yi kwana takwas a duniya ba, amma an riga an ɗora masa kunyar wani da mutuncin wani.

Rundunonin sojan ruwa ma suna yi wa jiragensu takwara, kuma sun riƙe al'adar da ƙa'ida da rajista. Maganar ba ta yi mana nisa ba kamar yadda teku ta yi mana. Rundunar sojan ruwan Nijeriya tana da kwalejin koyar da harkar kayan aiki a Dawakin Tofa, samarinmu suna shiga aikin, kuma akwai jiragen yaƙin ƙasar nan da ke ɗauke da sunayen Hausa tsantsa: Aradu, Kada, Kyanwa, Damisa, Dorina. Wanda ɗansa ya dawo hutu da hula mai sunan jirgi a goshi ya kamata ya san abin da sunan ya ƙunsa.

Ƙa'ida ta farko ta bambanta da tamu. A gidan Bahaushe kaka da jika suna iya zama da suna ɗaya, duka suna raye, a raba su da laƙabi. A rundunar ruwa ba a yarda jirage biyu su riƙe suna ɗaya a lokaci guda ba. Amurka ta sa wannan a doka tun 1819, lokacin da ta damƙa wa sakataren rundunar ruwa ikon raɗa suna, kuma har yau sharaɗin yana nan. Dalilin na aiki ne: umarnin yaƙi, albashin sojoji, wasiƙun iyali, kayan gyaran inji, duk da sunan jirgi ake aika su. Saƙo ɗaya ya kauce zuwa jirgin da ba shi ba, an yi asarar da ba ta gyaruwa.

Don haka suna yana da ranar shiga da ranar fita. Da farko gwamnati ta ba da kwangila, jirgin yana lamba ce kawai a takardun ma'aikatar ƙira. Sai a sanar da sunan da za a ba shi, wani lokaci shekaru kafin a yanka ƙarfen farko. Sai a aza ƙashin bayansa, wato dogon ƙarfen da ake gina gangar jiki a kai. Idan jiki ya haɗu, a yi bikin zura shi cikin ruwa, a nan ake furta sunan a bainar jama'a. Turawa kan fasa kwalba a goshinsa, Indiyawa su fasa kwakwa. Bayan haka a fita da shi gwaji, a auna gudu, a harba bindigogi, a gyara abin da ya ƙi. Sai ranar shigar da shi aiki, da kwamanda ya karanta takardar umarni aka ɗaga tuta, sannan jirgi ya cancanci haruffan da ke gaban suna: HMS a Birtaniya, USS a Amurka, NNS a Nijeriya. A ƙarshen rayuwarsa a sauke tutar, daga baya a goge shi daga rajistar jirage. Wannan gogewar ce ke 'yanta sunan. Jirgin da aka ɗaure a tasha yana tsatsa, muddin yana cikin rajista, sunansa nasa ne.

In ana son sunan da gaggawa kuma tsohon bai mutu ba, sai a sake wa tsohon suna. Amurka ta yi haka ga jirginta mafi daraja, Constitution, wanda aka zura a ruwa a 1797. A 1917 aka ƙara masa kalmar "tsoho" a gaban suna don a bai wa wani sabon ƙaton jirgi sunan. Yarjejeniyar rage makamai ta sa aka soke ginin sabon, a 1925 aka mayar wa dattijon sunansa. Matuƙa jirgi ba sa son irin wannan, suna da camfin cewa sake wa jirgi suna yana jawo masifa, amma hukuma kan yi in buƙata ta taso.

Sunan da ya fi nuna yadda gadon ke tafiya shi ne Ark Royal na Birtaniya, wanda jirage 5 suka ɗauka. Na farko na katako ne mai tafiya da iska, an gina shi a 1587 don Walter Raleigh, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta saye shi fam 5,000, kuma shi ya jagoranci jiragen Ingila a karon da suka yi da rundunar Sifen a 1588. Daga nan sunan ya yi barci sama da shekara 300. A 1914 aka farkar da shi a kan wani jirgi mai dakon ƙananan jiragen sama masu sauka a ruwa. A 1934 aka sake wa wannan suna zuwa Pegasus, don ana shirin gina na uku. Na ukun nan shi ya yi wa sunan fice. Jiragen saman da suka tashi daga kansa ne suka lalata sitiyarin babban jirgin Jamus, Bismarck, a watan Mayun 1941, har aka cim masa aka nutsar. A Nuwamban shekarar wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbe shi kusa da Jibraltar, ya nutse washegari, kuma cikin mutum fiye da 1,400 mutum ɗaya ne ya rasu. Na huɗu ya yi aiki daga 1955 zuwa 1979, na biyar daga 1985 zuwa 2011. Waɗannan biyun na ƙarshe da wasu sunaye aka tsara su, daga baya aka juya su zuwa Ark Royal don kada sunan ya daɗe babu mai ɗauke da shi.

Babu ƙusa ɗaya da ta haɗa jirgin 1587 da na 1985. Abin da ya haɗa su allo ne. A kowane jirgin yaƙin Birtaniya mai tsohon suna akwai wani allon katako da ake kafewa inda duk mai shiga zai gani. A samansa an sassaƙa tambarin jirgin cikin zagayen igiya, da kambi a kai. A ƙasa an jera sunayen yaƙe-yaƙe da shekarunsu da haruffa masu ruwan zinariya. A allon Ark Royal na ƙarshe, layin farko yaƙin Sifen ne na 1588, a tsakiya akwai Norway 1940 da Bismarck 1941, can ƙasa kuma Al Faw 2003, wanda shi jirgin da kansa ya samo a yaƙin Iraƙi. Yaro ɗan shekara 18 da ya zo jiya yana goge wannan allo da tsumma, yana karanta abin da aka yi da sunan da ke rubuce a hularsa ƙarni huɗu kafin a haife shi. Ƙa'idar Birtaniya ke nan: lambar yabon yaƙi ta suna ce, ba ta gangar jiki ba. Jirgi ya tafi, yabo ya jira magaji.

Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan, domin haka sarauta take. Ranar da aka naɗa sabon Madaki, sarautar da ta daɗe da alaƙa da Dawakin Tofa a ƙasar Kano, maroƙa ba sa jira ya yi wani abin bajinta kafin su wasa shi. Kirarin Madakan da suka ja dawaki zuwa fagen fama shi za a zuba masa tun rawani bai gama zama ba. Ba ƙarya ake yi ba, kowa ya san ba shi ya je yaƙin ba. Ana gaya masa girman kujerar ne da abin da ake jira daga gare shi. Amfanin allon nan ke nan a jirgi, kuma amfani ne na zahiri. Horon sojan ruwa ya dogara ga mutane ɗari biyu ko dubu su yarda su zauna a ɗakin inji ko rumbun harsashi alhali ruwa na shigowa. Mutum ya fi tsayawa in ya san akwai sunan da zai zubar.

Amurka ta bi wata hanyar. A wurinta taurarin yabon yaƙi na jirgin da ya samo su ne, magaji yana gadon suna da labari, amma nasa yabon sai ya nema. Enterprise na yaƙin duniya na biyu ya tara taurari 20, fiye da kowane jirgin Amurka a wannan yaƙi, duk da haka aka sayar da shi aka yayyanka a ƙarshen shekarun 1950. Magajinsa, wanda ya shiga aiki a 1961, shi ne jirgin dakon jiragen sama na farko mai tafiya da makamashin nukiliya, kuma shi ne na takwas da ya ɗauki sunan. A bikin ajiye shi a Disambar 2012 aka sanar cewa na tara yana tafe. Da yake ba su da gadon allo, sai suka koma gadon kaya: an cire tagogin ƙarfe daga na yaƙin duniya an sa wa na nukiliya, an kuma narka wani ɓangare na ƙarfen na nukiliyar an zuba a jikin wanda ake ginawa. Kamar dai a ɗauko alkyabbar kaka daga adaka a yafa wa jika.

A lokacin yaƙi al'adar takan zama makami. A 1942 Japan ta nutsar wa Amurka manyan jiragen dakon jiragen sama guda 4: Lexington a Mayu, Yorktown a Yuni, Wasp a Satumba, Hornet a Oktoba. Duka huɗun an mayar da sunayensu kan sababbin jiragen da ake kan ginawa da wasu sunaye. Na Lexington ma'aikatan masana'antar da ta ƙera na farko ne suka rubuta wa sakataren rundunar suna roƙo, don a hannunsu ake gina sabon. Kafin 1943 ta ƙare duka sunaye huɗun sun koma teku. Saƙon a fili yake ga iyalan mamata da kuma abokan gaba.

Amma ba kowane suna ake gaggawar mayarwa ba, kamar yadda a wasu gidaje ake jinkirta mayar da sunan wanda ya yi mutuwar da har yanzu ake kuka. Hood na Birtaniya ya tarwatse ranar 24 ga Mayu, 1941, da mutum 1,418 a ciki, 3 kaɗai suka tsira. Har yau ba a sake ba wani jirgi sunan ba. Arizona na Amurka, wanda mutum 1,177 suka mutu a cikinsa a harin Pearl Harbor na 1941, yana kwance a inda ya nutse a matsayin kabari, kuma sai a Disambar 2019, bayan shekara 78, aka sanar da ba wani jirgin ƙarƙashin teku sunan. Sai dai babu doka guda a kan wannan. Ostareliya ta rasa Sydney da dukan mutum 645 da ke cikinsa a 1941, amma kafin shekara 10 ta sake ɗaga sunan, yanzu tana kan na biyar. Victory na Birtaniya kuwa labarinsa ya haɗa duka biyun. Wanda ya gabace shi ya nutse a 1744 da mutum sama da dubu, shi ya sa wasu suka ƙi jinin a mayar da sunan. Aka mayar, jirgin ya shiga ruwa a 1765, ya jagoranci nasarar da Birtaniya ta samu a kan Faransa da Sifen a yaƙin Trafalgar a 1805, kuma har yau yana cikin rajistar jiragen da ke aiki duk da yana zaune a busasshiyar tasha a Portsmouth tun 1922. Muddin yana nan, babu jirgin da zai gaji sunan.

Inda al'adar ke kawo matsala shi ne inda rubutu ya yi rauni. Misali mafi girma Constellation na Amurka ne. An gina na farko a 1797, aka wargaza shi a 1853, aka gina wani da sunan a 1854 a wurin da aka wargaza shi. Da tafiya ta yi nisa sai aka ɗauka jirgi ɗaya ne da aka yi wa kwaskwarima. Shekaru da dama ana nuna wa masu ziyara a birnin Baltimore jirgin 1854 ana cewa na 1797 ne, har aka sassake wasu sassan jikinsa don ya yi kama da tsohon. Sai a 1991 binciken rundunar ya tabbatar jirage biyu ne daban, aka koma kashe kuɗi ana warware gyaran da aka yi bisa kuskure. Irin wannan ruɗani yana jiran duk wanda ya je kallon Yorktown da ke ajiye a jihar South Carolina yana zaton shi ne wanda aka nutsar a yaƙin Midway na 1942, alhali wancan yana ƙasan tekun Pasifik, zurfin kusan kilomita 5.

Maganin shi ne lamba da shekara, amma a nan ma akwai tarko. Tun 1920 Amurka ke ba kowane jirgi haruffan nau'insa da lambar da ba ta maimaituwa, shi ya sa CV-6 da CVN-65 da CVN-80 suka raba Enterprise uku ba gardama. Lambar da ke jikin jirgin Birtaniya kuwa ana sake amfani da ita. R09 da Ark Royal na huɗu ya ɗauka ita ce a jikin jirgin Prince of Wales na yanzu. Indiya ta ƙara ɗaure kan mai bincike da gangan, don ƙauna: Vikrant na farko, wanda ya yi yaƙin Indiya da Pakistan na 1971 aka ajiye shi a 1997, lambarsa R11, kuma sabon Vikrant da ta ƙera da kanta ta shigar aiki ranar 2 ga Satumba, 2022, shi ma R11. Mai rubuta tarihi ko mai neman haƙƙin tsohon soja dole ya haɗa abu uku, suna da lamba da shekarar da jirgi ya shiga ruwa. Ɗaya ya ɓace, an jingina aikin kaka ga jika.

Matsala ta biyu ita ce kirarin wani gidan zagin wani gidan ne. Japan ta ba manyan jiragenta biyu na yanzu sunayen Izumo da Kaga. A wurinta sunayen tsofaffin larduna ne. A wurin mutanen Sin kuwa, Izumo shi ne jirgin da ya jagoranci rundunar Japan a Shanghai a 1937, Kaga kuma daga kansa jiragen sama suka riƙa tashi suna ruwan bama-bamai a ƙasarsu, kafin ya je Pearl Harbor. An yi ta suka a kafafen labaran Sin lokacin da aka sanar da sunayen. Jamus ta zaɓi ta bar Bismarck a ƙasan teku, amma ta ci gaba da mayar da Emden, sunan gari, wanda jirginsa na 1914 ya yi suna wajen kyautata wa fursunonin jiragen da ya kama. Duk wanda zai mayar da suna sai ya tambayi kansa wa zai ji daɗi, wa kuma za a fama wa tsohon miki.

Rundunar Nijeriya, da aka kafa a 1956, ta gaji tsarin Birtaniya, har barikokinta na tudu sunan jirgi take ba su, kamar NNS Beecroft a Apapa da NNS Lugard a Lakwaja. Ta kuma mayar da suna. Nigeria shi ne sunan jirgin da Birtaniya ta miƙa mata a 1959, sannan ya koma kan sabon jirgin da aka ƙera a Holan a 1965, wanda ya yi aikin tsare gaɓar teku a yaƙin basasa, daga baya aka sake masa suna zuwa Obuma. Lana, jirgin auna zurfin teku na shekarun 1970, ya sami takwara a sabon Lana da aka ƙera a Faransa ya iso a 2021.

Sai dai abin da ƙasar nan ta fi yi wani salo ne nata na kanta, kuma ya cancanci a lura da shi. Maimakon ta gadar da kalma daga tsohon jirgi zuwa sabo, sai ta raba ma'ana ɗaya ga harsuna. Dorina da Otobo da Erinomi da Enyimiri, jirage huɗu, dabba ɗaya ce a harsuna daban-daban. Damisa tana da 'yan'uwa Agu da Ekpe da Ekun. Kyanwa tana tare da Ologbo da Nwamba. Aradu, wanda aka ƙera a Hamburg ta Jamus ya shiga aiki a 1982, tsawonsa kimanin mita 125, ma'anarsa ɗaya da Thunder, wato aradu da Turanci, da aka karɓo daga Amurka a 2011. Hikimar a bayyane take ga ƙasa mai harsuna da yawa: kowa ya ji sunansa a teku, kuma babu ɗan siyasar da aka ɗaukaka har a yi rigima in mulki ya juya. Wannan ya fi sa wa jirgi sunan mai riƙe da kujera nesa ba kusa ba.

Rauninsa shi ne tarihi ba ya bin ma'ana, kalma yake bi. Ambe ne ya yi dakon sojojinmu zuwa Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Jirgin da ya gaji aikinsa na sauke soja da motoci a gaɓar teku shi ne Kada, wanda ya iso a 2022 kuma a shekarar ya kai kayan soja Gini Bisau. Aiki ɗaya ne, amma da yake suna ya sauya, babu allon da zai haɗa Monrobiya da Bisau a bango ɗaya. Sunaye irin su Dorina, da jirginsu ya daɗe da barin aiki, suna nan zaune ba magaji.

Aradu ne zai zama gwaji. Ya haura shekara 40, ya wakilci Nijeriya a taron jiragen duniya na cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar a 2005, kuma duk gyaran da za a yi masa, akwai ranar da za a sauke tutarsa. Abin da ya kamata a yi kafin ranar sananne ne, kuma ba shi da tsada. A cire ƙararrawarsa, wadda ake zana suna da shekara a jikinta, da allon sunansa da tambarinsa, a ba su lamba a rumbun ajiya. A tattara littattafan da jami'in tsaro ke rubuta abin da ya faru kowace sa'a, don su ne shaidar inda jirgi ya je, kuma su ne farkon abin da ɗanshi da gara ke ci. A rubuta jerin kwamandojinsa da ayyukan da ya halarta da kwanakinsu. Sannan a yanke tun yanzu cewa sunan ba zai sauka kan ƙaramin kwalekwalen sintiri ba, zai jira babban jirgi na gaba, ko da jiran zai kai shekara 20. Ajiye irin waɗannan kaya da lissafinsu aikin jami'an kayan aiki ne, wato irin waɗanda ake horarwa a Dawakin Tofa.